Fuskar Yaya a Bango

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna. Yaya ƙafar tata? Direban da ke kai mana saƙo ya ce mini yanzu sai an riƙe ta take zuwa banɗaki. Allah ya ƙara sauƙi, ke kuma ya biya ki, don ba kowace 'yar kawu ce za ta riƙe uwar wani kamar yadda kike riƙe da tawa ba. Na san kunnen nan naki ba ya jin waya, Inna kuma ta fi son a karanta mata takarda, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ni lafiya lau. Aikin fentin gidaje yana tafiya, amma ba shi ne a raina ba yanzu. Kin tuna yadda nake kwashe ƙyallaye a ƙarƙashin keken ɗinkinki har kika sa mini Tsintau? To, halin bai bar ni ba. Kwanaki a wani gini na ga takardar buhun siminti ta manne a bango, fenti ya zubo mata, ta yamutse. Na tsaya ina kallo, sai na ga bayan tsoho sak. Na ɓamɓare ta na kawo gida. Tun daga nan nake haɗa abubuwa a kan falanki: ragowar fenti, waya, murfin kwalba, tsohuwar tayar keke, gam. Ba wanda ya koya mini. Nakan shimfiɗa su a ƙasa in yi ta zagaye su har sai wani ya nuna mini inda yake son zama. Ɗakina ya koma juji, mai gidan haya har ya yi mini kashedi.

Ga dalilin wasiƙar. Na haɗu da wani babban mutum a gidan da muka yi wa fenti. Hira ta kai mu har na ba shi labarinki, da yadda risho ya fashe miki kina budurwa, da yadda rabin fuskar ya koma. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce lallai yana so ya gani, kuma idan ya gani akwai abin da za a iya yi. Shi aikinsa ke nan, daga nesa ake zuwa wurinsa. Ki aiko mini da hoto, na gaba da na gefe, ba mayafi. Ki haɗo da ƙyallaye ko jaka ɗaya ce, masu haske.

Ƙaninki,
Tsintau

*

Tsintau,

Na gaishe ka. Muna lafiya. Gwaggo tana ci tana sha, ƙafar ce dai sai a hankali. Na karanta mata wasiƙarka, ta ce a gaya maka ta haifi ɗa ta aika shi neman abinci, ya je ya zama kaza mai tonon bola. Ni kuwa na ce mata abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki, tunda yanzu ba sai na biya mai kwasar shara ba. Ga ƙyallayen nan a wurin direba.

Hoto kam ba zan ɗauka ba. Ka fi kowa sanin ko madubi babu a ɗakin ɗinkina, masu gwada kaya sai su je gida su duba kansu. Amma maganar mutumin nan ta hana ni sukuni. Na karanta wurin har takardar ta fara yagewa a ninki. Da farko haushi na ji, na ce wa ya aike ka ka kai fuskata hira. Daga baya na kama kaina ina shafa kumatun ina tunani.

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma ni ba kyau nake nema ba, wannan ya wuce ni. Bakin nan da ya janye gefe, shi ne damuwata. Idan ina shan ruwa sai ya zubo ta kusurwa, dole in juya wa mutane baya. Idon kuma ba ya rufuwa duka, kullum yana hawaye a kan ɗinkin mutane. Idan likitan zai iya sassauta waɗannan biyun, ya gama mini komai. Ka tambaye shi ko daɗewar tabon ba za ta hana ba. Ka kuma tambaye shi ko akwai wata hanyar da zai gani ba hoto ba.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Ƙyallayen sun iso, ruwan ɗorawan nan ya yi mini daidai.

Na yi tunani, rashin hoton ma alheri ne, don hoto ba ya nuna tudu da kwari. Ga garin filasta nan na aiko, irin wanda ake ɗaurin karaya da shi a asibiti, da bandeji. Da shi za a ɗauki zubin fuskar. Ki sami wadda za ta taya ki. Ki ɗaure gashi, ki shafa man basilin sosai, har gira da gashin ido, in ba haka ba zai tsige su. Ki cire cikin biro guda biyu ki sa bututun a hanci don numfashi. Ki kwanta rigingine. A dama garin da ruwa kamar kunu mai kauri, a jiƙa bandejin a ciki, a riƙa shimfiɗawa tun daga goshi har ƙarƙashin haɓa, a haɗa da wurin kunnen da ya narke. A danna shi cikin kowane lungu na tabon, kada a ji tausayi, lungunan su ne abin da ake nema. Zai yi ɗumi yayin da yake bushewa. Kada ki motsa baki. Idan ya yi tauri sai ki yamutsa fuska a hankali, zai saki da kansa.

Ki naɗe shi da tsumma ki sa a kwali, ki ce wa direba ya ajiye a gaba kusa da shi.

Ki kuma rubuto mini launin wurin. Na daɗe ban gani da kyau ba, kullum a rufe kike. Ina ne ja, ina ne fari, ina ne yake sheƙi? Da sanyi yana canzawa? Kada ki taƙaita.

Tsintau

*

Tsintau,

Gaisuwa. Gwaggo ta ɗan yi zazzaɓi amma ya sauka.

An yi abin da ka ce. Matar direba ce ta taya ni, ita ce mutum ta farko da ta taɓa wurin da hannu tun bayan ma'aikatan asibiti. Tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta ƙona ni. Da garin ya fara ɗumi a kan fatar, Tsintau, sai na koma ranar. Na ji warin kananzir a ɗakin da babu kananzir. Na so in fizge abin in yar, sai na tuna ka ce kada in motsa, na damƙe ƙafar teburin yanka har ya bushe. Idon da ba ya rufuwa ya sha gari, ya kwana biyu yana ja.

Da aka cire na leƙa ciki. Ashe haka nake. Na rufe kwalin.

Launi kuwa: daga goshi zuwa ido fari ne kamar cikin ɓawon ƙwai. Kumatun ja-ja ne mai sheƙi, da jijiyoyi kamar an ja zare an tattare. Wajen kunne ya yi duhu. Da sanyi duk yakan koma shuɗi-shuɗi ya yi ƙaiƙayi. Ka karanta wa likitan haka.

Na gaya wa Gwaggo. Ta yi kuka, ta ce ashe Tsintau zai yi rana. Na fara rage karɓar ɗinki don kada ranar ta zo da kayan mutane a hannuna. Kuma ba ka amsa mini tambayar daɗewar tabon ba.

Yayarka

*

Yaya,

Ki yi haƙuri da shirun, na san an kwana biyu. Ina fatan kuna lafiya. Kwalin ya iso ba ko tsaga.

Aiki ne ya riƙe ni, ban taɓa shan wuyar abu irin wannan ba. Fata nake nema, na rasa. Na gwada kakin kyandir, ya farfashe. Na gwada gam da ɓawon albasa, ya yi kyau da yawa, ƙarya ce. Na gwada robar tayar keke, ta yi nauyi. Rannan ina dafa shayi leda ta faɗa kan risho, ta tattare ta ja gefe ɗaya. Na ce yauwa. Yanzu ledoji nake tsinta, ja da fari, in kara su a wuta, in ja su da filaya tun suna da zafi in manna. Duk yatsuna sun yi bororo. Launin duhun kuma ƙusoshi na jiƙa a ruwa har suka yi tsatsa, da ruwan nake shafawa. Sai in yi, in kankare, in sake. Idan kin zo za ki gani.

Mutumin ya ga zubin. Ya daɗe yana juya shi a hannu, ya ce bai taɓa samun irinsa ba. Ya sa rana, Asabar ta ƙarshen wata. Yana so ki zo da kanki. Direba ya san wurin, zan jira ki a ƙofa da la'asar. Ki sa kaya masu kyau.

Tsintau

*

Tsintau,

Na iso gida lafiya. Gwaggo tana nan yadda na bar ta. Ba don kai na faɗa ba, don haka ake fara wasiƙa.

Zan gaya maka abin da ya faru ranar Asabar, ko da yake kana wurin, don na lura idonka ba a kaina yake ba.

Jakar da ka karɓa a ƙofa ka ce ta yi nauyi, ka tura ta bayan teburin mai gadi, ka san abin da ke ciki? Zannuwan kwana, filas, kofi, cokali, silifas, sabulu. Kayan kwanciya asibiti. Tun daren Juma'a ban ci komai ba, don na ji an ce ba a yi wa mutum aiki da abinci a ciki. Rigar da ke jikina ni na ɗinka ta, mai maɓalli a gaba, don kada a sha wuyar cire ta ta kai idan an naɗe fuskar.

Muka shiga. Farin bango, fitilu masu haske, sanyi, ƙasa tana sheƙi. Na ce a raina asibitin masu hali ke nan. Na ga mutane tsaye da kofuna a hannu, na ɗauka 'yan dubiya ne. Ka ja ni wurin mutumin nan mai farar riga da tabarau, ka ce, “Ga ta nan.”

Na rusuna na ce, “Likita, ina wuni. Ga ni na zo.”

Ya yi dariya ya dube ka. Kai ma ka yi. Ni kuwa na ce tunda na zo wurin mai magani, kunyar me? Da hannuna na yaye mayafin, a gaban mutanen da ban taɓa gani ba, abin da ban yi ba ko a gaban masu kawo mini ɗinki. Na juya masa gefen don ya duba da kyau. Har na nuna masa bakin da yatsa.

Sai na ji tafi.

Na waiga in ga wa ake yi wa. Sai ga ni a bango, na fi ƙofa tsayi. Gefe ɗaya ƙyallayena ne, har da ruwan ɗorawan da na rage daga rigar wata amarya. Ɗaya gefen ledar da ka ƙona. Gindin kwalba a wurin idon, ka ɗiga masa gam yana zuba kamar hawaye. Ba abin da ka manta. Kusurwar bakin da na gaya maka a asirce, ka lanƙwasa cokali ka maƙala a wurin, ka sa ruwan tsatsa yana gangarowa har haɓa.

Wata mata ta matso ta ce, “Baiwar Allah, zan iya taɓawa?” Ban san ko ni take nufi ko bangon ba. Mutumin ya kama kafaɗata ya ce, “Ki ɗan tsaya nan gefensa, ki kalli can.” Wayoyi suka tashi sama. Wani saurayi ya ce wa abokinsa na bangon ya fi kama da gaske. Na neme ka. Kana can kana nuna wa wasu yatsunka, kana ba su labarin yadda ka sha wuta.

Na tambayi yarinyar da ke raba lemo ina ɗakin likita. Ta ce, “Wane likita? Nan gidan nuna zane ne, wancan shi ne mai gidan.” Na karɓi lemon, don jiri nake ji. Na juya wa mutane baya na sha.

Gwaggo ta ji shigowata ta ce, “Zo in gani.” Na ce likitan ya yi tafiya, an ɗaga. Ta ce Allah ya dawo da shi lafiya. Kullum sai ta tambaya.

Hoton ya riga ni isowa unguwa. Yara sun karanta sunan da ka rubuta a ƙarƙashinsa. Yanzu idan na fita zubar da ruwa, Rabin Mace suke kira na.

Sau biyu na rubuta maka kalmar likita. Ka karanta, ka yi shiru.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na bar wasiƙarki ta huce kafin in amsa.

Ki ɗauko wasiƙuna ki duba. Ko sau ɗaya ban rubuta likita ba. Ke kika sa shi a ciki, kamar yadda mai jin yunwa yake ganin abinci a kowane kwano rufaffe. Na ga kin rubuta, gaskiya ne. Amma da na gyara miki, da kin aiko da zubin? Ba za ki aiko ba. Da aikin bai tashi ba. Na auna, na zaɓa, kuma ko yau aka dawo da ni abin da zan zaɓa ke nan.

Ki bar ni in faɗa miki abin da kowa yake tsoron faɗa. Ba likitan da zai gyara wannan fuskar, kin sani, Inna ta sani. Tun ina yaro kike ɓoye a bayan keke, kina kallon bango idan an shigo. Wa ya amfana? Fuskar tana nan tana tsufa a banza. Ni na dube ta na ga abin da ba wanda ya gani, na fito da ita, mutanen da ba za su amsa sallamarki a hanya ba suka tsaya a gabanta suka yi shiru. Wata har kuka ta yi. Ke ba ki gan ta ba, kin tafi ko sallama babu, kin bar ni ina kame-kame a gaban mai gidan.

Ina tsintar abin da aka yar ne, Yaya, in ba shi wurin zama. Aikina ke nan. Ban ware ki ba.

Maganar yara kuma, yara ne, za su gaji. Sunan ma mai gidan ne ya zaɓa. Ke da kike tsokanata da sunan Tsintau, yau kuma wasan taubasai ya zama laifi?

An sayi aikin, an tafi da shi wata ƙasa. Ga atamfa nan da maganin ƙafar Inna. Ki ce mata ina nan zuwa idan na sami sarari. Yanzu an ba ni ɗaki babba, ana jiran sababbin ayyuka.

Tsintau

*

Tsintau,

Na daɗe ban rubuto ba, kai ma ba ka tambayi dalili ba. Ni lafiyata ƙalau.

Gwaggo ta rasu. An yi wata guda da binne ta.

Ba farat ɗaya ba ne. Ta kwanta, ta daina cin abinci, ta daɗe tana jan jiki. Da isasshen lokacin da za ka zo ka same ta da bakinta, har ka koma ka sake dawowa. Direba ya ce zai biya ya gaya maka, na ce masa na riga na yi maka waya. Ya yarda, don bai taɓa jin na yi ƙarya ba.

Ta yi ta kiranka. Idan ƙofa ta motsa sai ta ce, “Shi ne?” In ce iska ce. Ranar da ta fi jin jiki ta ce a aika maka, na ce an aika, ka ce kana da baƙi. Ta juya fuska bango. Ba ta ƙara ambaton sunanka ba har ta cika.

Ka ɗauko wasiƙuna ka duba. Ban taɓa rubuta maka cewa zan sanar da kai ba.

Maganin da ka aiko ya zo tana da rai. Atamfar na yanka ta na yi tsumman goge keke.

*

Ke,

Ba gaisuwa tsakanina da ke. Uwata. Kin bar uwata ta mutu tana zaton na zaɓi baƙi a kanta. Ni fuskarki kawai na ɗauka, kuma tana nan a jikinki, ban rage miki komai ba. Ke kin ɗauke abin da ba ya dawowa. Ashe wutar ba a fata ta tsaya ba, ta ci har ciki. Allah ya isa.

Tun da direba ya miƙo mini takardar ban fita ba. Ban iya cin abinci. Na kafa falanki a jikin bango ina kallonsa, ba ni da abin da zan ɗora masa.

Kada ki taɓa kayanta. Haƙƙina ne, ni ne ɗanta. Zanin gadon da ta cika a kai, kada a wanke shi. Sandarta, kwalaben magani ko da babu komai a ciki, matajinta da gashin da ke jiki, takalmin nan da ya karkace ta gefen ƙafar mai ciwo. Katifar ma ina so, a naɗe ta yadda take, da shaidar kwanciyarta. Ki ba direba duka ranar da zai taso. Mai gidan ya ce idan na gama kafin ƙarshen shekara zai ba ni bangon tsakiya.

*

Tsintau,

Muna lafiya.

Kayan sawarta na rabar tun a makon da ta rasu. Sandar tana hannun wani tsoho da ke wucewa ta ƙofar shago. Kwalaben mai gwangwan ya kwashe. Ɗakin na wanke shi da sabulu tun daga sama har ƙasa, na kira mai fenti ya shafe shi, wani ɗan koyo ne, bai iya ba, amma ya rufe komai. Yanzu a ciki nake yankan kaya.

Katifar da zanin gadon da matajin na fitar bayan gida na ƙona. Ni da kaina na zuba kananzir na ƙyasta ashana, karo na farko tun ina budurwa. Na tsaya a wurin har suka cinye.

Na san ka, za ka ce a aiko maka da tokar. Na share ta na zuba a kwata, aka yi ruwa a ranar.

Direba ya ce in gaya maka ya daina ɗaukar saƙo tsakaninmu.